Ƙafa Shida Daga Bakin Ƙofa: Yadda Amurka ke Jera Soket a Gidajen Zama

Idan mai aikin wuta ya shiga sabon gini a Amurka, tun ba a rufe bangaye ba, ba ya farawa da tambayar inda za a sa gado ko talabijin. Bakin ƙofa yake nufa da tef ɗin awo a hannu. Ya ɗora kan tef ɗin a gefen ƙofar, ya ja shi ta gindin bango, kafin ya wuce ƙafa 6 ya yi alama a jikin katako. Nan soket na farko zai zauna. Daga nan ya ci gaba da bin bangon, ba ya barin tsakanin soket da soket ya haura ƙafa 12, har ya zagayo ɗaya gefen ƙofar, inda nan ma na ƙarshe ba zai yi nisan da ya wuce ƙafa 6 ba. Wannan awo ba ra'ayinsa ba ne. Ƙa'ida ce rubutacciya, kuma sifeton gini zai zo da nasa tef ɗin ya duba kafin a ba da izinin rufe bango.

Ƙa'idar tana cikin kundin da ake kira National Electrical Code, ko NEC a taƙaice, a sashe na 210.52. An fara buga kundin a 1897, lokacin da kamfanonin inshora suka gaji da biyan diyyar gobarar da sabuwar wutar lantarki ke haddasawa. Tun 1911 yake hannun ƙungiyar NFPA mai fafutukar hana gobara, wadda hedikwatarta ke Quincy a jihar Massachusetts, kuma duk bayan shekara uku ake sabunta shi: 2017, 2020, 2023, haka dai. Kundin ba dokar tarayya ba ne. Kowace jiha, wani wurin ma kowane birni, shi ke ɗaukarsa ya mayar da shi doka, wani ya yi masa kwaskwarima, wani kuma ya tsaya a kan tsohon bugu shekara da shekaru. Shi ya sa maganar ƙarshe a kan kowane gida tana bakin sifeton yankin.

Abin da sashen ya ce, idan aka sauƙaƙa shi, shi ne: a ɗakin kwana, falo, ɗakin cin abinci, kicin, ɗakin karatu da makamantansu, duk inda mutum ya sa yatsa a gindin bango, kada ya zama tsakaninsa da soket mafi kusa ya wuce ƙafa 6, wato mita 1.8. Ba a ambaci ƙafa 12 a rubuce ba. Lissafi ne ya haifar da ita, domin idan soket biyu na da tazarar ƙafa 12, wanda ya tsaya a tsakiyarsu yana da ƙafa 6 zuwa kowanne. Mutane da yawa, har da masu gidajen da ke taɓa aikin wutarsu da kansu, sukan fahimci abin a baibai. Wani ya ɗauka duk bayan ƙafa 6 sai an sa soket, ya yi ta sayen kaya ninki biyu. Wani kuma ya ɗauka dole na farko ya zauna daidai ƙafa 6 daga ƙofa, ba kusa ba, ba nesa ba. Alhali iyaka ce kawai aka sa ta nesa. Wanda ya ga dama ya manna soket ɗinsa a jikin ƙofar ma, babu ruwan kundin, sai dai ya san cewa ƙafa 12 ta gaba daga nan za a fara ƙirga ta.

To, me ya sa shida, ba biyar ko takwas ba? Amsar tana jikin kayan da ake jonawa. Fitilar tebur, fitilar tsaye, rediyo, fanka, yawancinsu da waya mai tsawon kusan ƙafa 6 suke fitowa daga masana'anta a can. Masu kundin suka ce, ke nan duk inda aka ajiye fitila a jikin bango, wayarta ta isa soket ba tare da an nemo ekstenshin ba. Gaba ɗayan ƙa'idar yaƙi ne da ekstenshin. Wanda ya riƙe wannan zai iya hasashen sauran sharuɗɗan ko da bai taɓa buɗe kundin ba.

Amurkawa na da dalilin tsoron wannan waya fiye da mu. Wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Ma'anarsa, na'urar ɗumama ɗaki mai wat 1,500, irin wadda ake kunnawa a lokacin hunturu, tana jan amfiya 12.5 a can, alhali a kan wuta irin tamu amfiya 6.5 za ta ja. Layin da ke ciyar da soket ɗin ɗaki kuma na amfiya 15 ne ko 20, ba zai katse ba sai an haura haka. Sai a samu siririyar ekstenshin da aka yi ta domin fitila tana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta, tana zafi tana laushi, makatsin wutar da ke akwati bai san ana yi ba, domin a wurinsa komai lafiya. Filoginsu kuma galibi ba shi da fis a ciki, saɓanin mai ƙafa uku na Birtaniya da muka saba da shi a Najeriya da Ghana. A haɗa wannan da gidajen katako da kafet bango zuwa bango. Hukumar CPSC mai kula da lafiyar kayan masarufi ta taɓa ƙiyasta cewa ekstenshin na haddasa gobara kusan 3,300 a gidaje duk shekara, tare da mutuwar mutum kusan 50, ban da waɗanda ake kaiwa asibiti saboda tuntuɓe da waya.

Nan ƙofa ta shigo. A wurin kundin, ƙofa tana yanke bango. Ana bin gindin bango da awo, a sha kwana a ci gaba, ba a tsallaka kusurwa ta iska, amma da zarar an iso ƙofa awo ya ƙare, sai a fara sabo daga ɗaya gefen. Soket da ke hannun dama na ƙofa, ko da taku ɗaya ne tsakaninsa da bangon hannun hagu, ba a lissafa shi a matsayin mai yi wa wancan bangon hidima. Dalili a fili yake. Wayar da za ta taso daga nan zuwa can sai ta ratsa bakin ƙofa, kuma babu inda waya ke wahala kamar nan. Ana taka ta da takalmi, ana jan kujera a kanta, ƙyaure na datse ta kullum a wuri guda har robar ta tsage. Mai gida ya ga tana sa yara tuntuɓe, sai ya tura ta ƙarƙashin kafet, inda zafinta ba shi da mafita kuma babu mai ganin lalacewarta. Haka murhun ɗumama ɗaki da aka gina a bango yake yanke awo, haka kabad ɗin da aka kafe shi har ƙasa. Taga kuwa ba ta yankewa, tunda akwai bango a ƙarƙashinta kuma waya za ta iya bi.

Sai kuma sharaɗin da ya fi jawo gardama tsakanin magina da sifetoci: duk guntun bango da faɗinsa ya kai ƙafa 2, wato santimita 60, bango ne mai zaman kansa, sai an ba shi nasa soket. A ɗauki ɗaki sha biyu ta sha biyu, irin girman da maginanmu ma suka fi sani. Kewayensa ƙafa 48. A cire ƙofa mai faɗin ƙafa 3, saura 45 a miƙe. Soket uku iyakarsu ƙafa 36: shida, sha biyu, sha biyu, shida. Ke nan sai huɗu. Yanzu a buɗe wata ƙofar ta shiga ma'ajiyar kaya, ita ma ƙafa 3, a kusa da ta farko, a bar ɗan bango ƙafa biyu da rabi a tsakaninsu. Dogon bangon ya koma ƙafa 39 da rabi, har yanzu ya fi ƙarfin soket uku, huɗun nan suna nan. Guntun da ke tsakanin ƙofofin kuma ya nemi nasa. Bango ya ragu, soket ya ƙaru zuwa biyar. Da maginin ya matso da ƙofar har guntun ya zama inci 23, da ba a nemi komai a wurin ba. Inci ɗaya ne tsakanin wucewa da a ce a dawo a gyara, kuma masu zanen gidaje da suka ƙware sun san da haka sarai.

Wani zai ce wannan ai tsaurin banza ne, wa zai ajiye abu a bango ƙafa biyu? Amma ɗan teburin fitila ko na ajiye makulli da cajin waya bai fi haka faɗi ba, kuma irin wannan lungun shi ne daidai inda ake cusa shi. Idan babu soket a wurin, ta ina wayar za ta zo? Ta hagu ƙofa, ta dama ƙofa.

Wurin da hankali ya fi rabuwa shi ne bayan ƙyaure. Ƙofar ɗaki tana kusa da kusurwa, idan an buɗe ta sai ƙyauren ya kwanta a jikin bango ya rufe kusan ƙafa 3. Shin a fara awo daga bakin ƙofar, ko daga inda ƙyauren ya tsaya idan an wangale shi? Kundin Amurka bai cire wannan wurin ba. Ana fara awo daga bakin ƙofa, bangon da ke bayan ƙyaure bango ne kamar kowane. Idan dogo ne, ba dole soket ya shiga bayan ƙyauren ba, ana iya tura shi gaba muddin bai wuce ƙafa 6 ba. Amma idan bangon gajere ne, misali ƙafa 3 daga ƙofa zuwa wata ƙofar, to soket zai zauna a bayan ƙyaure ko mai gida ya so ko ya ƙi. Maƙwabciyarsu Kanada, wadda ita ma ke amfani da bolt 120 da irin soket ɗinsu, ta ɗauki wata hanya. Nata kundin ya riƙe mita 1.8, amma ya ce bangon da za a lissafa sai wanda za a iya amfani da shi, mai faɗin santimita 90 zuwa sama, kuma ya cire wurin da ƙyaure ke rufewa idan an buɗe shi gaba ɗaya.

A kallon farko Kanada ce ta fi hankali, domin ba mai ajiye kujera ko tebur inda ƙyaure zai buge shi. Ni dai a ganina, a nan tsarin Amurka ya fi hangen nesa, ko da masu shi ba su yi niyyar haka ba. Gida yakan yi shekara hamsin ko ɗari yana sauya hannu. Wani ya juya ƙyauren ya koma buɗewa ta ɗaya ɓangaren, wani ya cire shi ya rataya labule, wani ya mayar da ɗakin kwana ofis. Wayar da ke cikin bango ita ce ba ta motsi. Ban da haka, a ɗakin da aka cika da gado da kabad da akwatuna, sauran soket duk sun ɓuya a bayan kaya, na bayan ƙyaure shi kaɗai ne ke nan a sarari, ba abin da ya tare shi. Mai jona injin share ƙura ko dutsen guga shi yake nema. Kuɗinsa kuma a lokacin gini bai taka kara ya karya ba: akwati ɗaya, soket ɗaya, 'yar waya ƙafa kaɗan.

Ƙofar gilashi mai zamewa, irin wadda ke fita zuwa baranda, ta zo da nata hukuncin. Rabinta kafaffe ne, rabi ke motsi. Kafaffen ana lissafa shi bango, mai motsin kuma ƙofa. Haka shingen ƙarfe ko na katako da ke gefen bene, da kantar da aka gina ta raba kicin da falo, duk bango ne, domin mutane na jingina kujera da fitila a jikinsu. Sai tambaya ta taso: yaya za a kafa soket a jikin gilashi? An bar mafita, a sa shi a ƙasa cikin daɓe, amma kada ya yi nisan da ya wuce inci 18 daga bangon, in ba haka ba ba a ƙirga shi. Na sama ma akwai iyaka. Soket da aka ɗaga ya haura ƙafa biyar da rabi daga ƙasa, kamar wanda ake yi wa talabijin ta bango, ba ya cikin lissafi. Wanda ke ɓoye a cikin kabad ma haka. Wanda makunnin bango ke kashe shi gaba ɗaya a madadin fitilar sama shi ma ba a ƙirga shi, shi ya sa masu aikin ke raba soket mai baki biyu, baki ɗaya a kan makunni, ɗayan da wuta kullum.

Abin mamaki, kundin da ya bi diddigin inci a kwance bai ce komai ba a kan mafi ƙarancin tsayin soket daga ƙasa a ɗakunan zama. Al'ada ce ta cike gurbin. Yawancin masu aikin kan sa shi tsakanin inci 12 da 16, kuma da yawansu ba sa ɓata lokacin awo. Guduma suke tsayarwa a ƙasa a jikin katako, su ɗora akwatin a kan ƙotarta su buga ƙusa, haka har su gama gida, duk soket ɗin su fito a layi ɗaya. Gidajen da dokokin sauƙaƙa wa naƙasassu suka shafa ne kawai ake hana a sauko ƙasa da inci 15.

Lungun da ke haɗa ɗakuna ba ya ƙarƙashin awon ƙafa 6. Idan tsawonsa ya kai ƙafa 10 ana neman soket ɗaya, shi ke nan, kuma ko a nan ƙofa ce ke yanke awo, ana bin tsakiyar lungun ba tare da an ratsa ta ba. Ɗan falon shiga gida, wanda ya yi kama da zaure, sai a bugun 2011 aka ba shi nasa sharaɗi: idan girmansa ya wuce murabba'in ƙafa 60, kowane bango mai faɗin ƙafa 3 zuwa sama ya samu soket. Kantar kicin kuma awonta ya fi matsewa, ƙafa 2 da ƙafa 4 a maimakon 6 da 12, saboda tukunyar shayi da injin markaɗe da gajeriyar waya ake yin su, don kada yaro ya jawo tafasasshen ruwa a kansa. Tunanin dai ɗaya ne, tsawon wayar ne ya sauya.

Yawan soket a ƙasa-ƙasa ya zo da nasa haɗarin, domin yaro mai rarrafe da ƙusa ko makulli a hannu ya samu ramuka da yawa. A bugun 2008 aka wajabta soket mai murfi daga ciki, wanda ba ya buɗewa sai ƙafafun filogi biyu sun shiga tare. Wannan abu Birtaniya ta riga su da shekara sittin, tun 1947 soket ɗinta mai lamba BS 1363 ya fito da murfi daga ciki, shi ne dai wanda wasunmu ke zura tsinke a raminsa na sama don su cusa filogi mai ƙafa biyu.

Akwai abin da ƙa'idar ba ta iya ba, kuma kundin da kansa ya faɗa tun a farkonsa cewa shi mafi ƙarancin abin da zai hana haɗari ne, bai yi alkawarin jin daɗi ko wadatar gobe ba. Ɗaki zai iya cika kowane sharaɗi, amma soket ɗin ya faɗo daidai tsakiyar kan gado, inda hannu ba ya kaiwa, gefe da gefe kuma babu. Awon da aka yi domin fitila da rediyo bai san da caja huɗu, kwamfuta da na'urar intanet da suka taru a kusurwa ɗaya ba. Sakamakon haka ekstenshin ɗin da aka kora ta dawo a siffar allon soket mai baki shida a bayan talabijin. Tsofaffin gidaje kuma, waɗanda aka gina lokacin da soket ɗaya ko biyu ya wadatar da ɗaki, ba a tilasta musu gyara sai in an tashi yin sabon aiki. A biranen gabashin ƙasar irin su Boston da Philadelphia, inda tsofaffin gidaje suka yi yawa, akwai ɗakunan da tef ɗin sifeton zamani bai taɓa shiga ba.

Birtaniya, wadda tsarin wayarin Najeriya ya samo asali daga nata, ba ta bi hanyar ƙirga ƙafa ba. Kundinta, BS 7671, ya tsaya a kan cewa a tanadi soket a kusa, inda hannu zai kai, la'akari da tsawon wayar da kayan ke zuwa da ita, ya bar adadin ga mai zanen aiki. Dalili ɗaya da na Amurka, amma ba lamba. Rashin lamba na ba ƙwararre damar yin abin da ya dace da ɗakin. Yana kuma ba mai son rage kuɗi damar cewa soket ɗaya ya isa, ba wanda zai iya ƙaryata shi da tef. Duk wanda ya taɓa kama hayar ɗaki a Kano ko Kaduna ya tarar da soket guda tilo a gefen makunni, a bakin ƙofa, ya san yadda ake ƙarewa: ekstenshin a kan ekstenshin, waya ta bi gindin bango ta ratsa ƙofa ta shige ƙarƙashin ledar ɗaki, firji da dutsen guga da hita duk a rami ɗaya.

Ba ina cewa a ɗauko lambobin Amurka a dasa a ginin bulo ba. Wutarmu daban, filoginmu daban, kuma kundinsu ba shi da iko a kan kowa a wajen ƙasashen da suka karɓe shi. Amma bangonmu ya fi nasu tsadar gyara. Ba'amurke zai iya yanka allon bangonsa ya zura waya ta tsakanin katako cikin yini guda. Mu kuwa bayan an yi filasta da fenti, ƙara soket ɗaya na nufin guduma da kurfi, fasa bulo, binne sabon fayif, sake yaɓe, sake fenti, ga ƙura ta cika ɗaki. Lokacin da abin ke da arha shi ne ranar da mai wayarin ya zo da alli yana zana wa bango hanyar fayif, kafin birkila ya kawo siminti. Ranar ce mai gida zai tsaya a bakin kowace ƙofa ya dubi dama ya dubi hagu, ya ce, "Malam, nan ɓangaren fa? In na ajiye fanka a nan, daga ina za ta sha wuta?"